Mai Korar Tsuntsaye a Ambursa

Aikina kora ne.
Da asuba, kafin raɓa ta bushe a kan kwalta,
nakan ɗauki gwangwani da sanda
in bi gefen titin jirgi,
ina ce wa balbela, tashi,
ina ce wa shirwa, ba nan ba,
wannan sararin na manyanku ne.

Shekara tara ina share wa jirgi sama,
ban taɓa sa ƙafa a cikinsa ba.

Ran nan na kai wa Isuhu shayi a hasumiya,
na tsaya ina sosa ƙeya,
na ce, daga nan zuwa Gusau fa, ta sama?
Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.
Ya tsinko zare daga bakin hularsa,
ya danne Ambursa da babban yatsa,
ya ja ɗaya bakin gabas a kan taswira.
Ko taƙi bai cika ba.
Ya ce, in an tashi kana zuba shinkafa a tukunya,
a sauka ba ta gama tsotsewa ba.

Ya ba ni zaren.

Ni kuwa wata Gusau na sani,
wadda ake tasar mata tun kiran assalatu,
mutum huɗu a kujerar uku,
gwiwa ta mutu kafin Argungu,
inda ƙamshin busasshen kifi ke shigowa ta taga.
A Sakkwato a sauka, a jira wata ta cika,
a jira, a sayi rake, a jira.
Bayan Tureta direba ya kashe rediyo,
hira ta ɗauke kamar ruwan bazara,
kowa ya karanta abin da ya sawwaƙa
yana ƙirga itatuwa da wutsiyar ido.
Shinge, a miƙa hannu. Wani shingen.
Talata Mafara, Maru,
sai a Bunguɗu numfashi ke dawowa,
wani ya tuna yana da goro.

Kuluwa tana can, ɗiyata,
tana karɓar haihuwa a asibiti.
Ranar suna rabona da ɗanta.
Haƙorinsa na fari ta waya na ji shi,
na biyu ma haka.
Yanzu an ce gudu yake, yana kiran akuya da sunana.

Isuhu da kilomita yake awo.
Ni da haƙora.

Ba ƙorafi nake ba.
Albashi na zuwa, ko da yakan tsaya hutawa a hanya,
kuma duk jirgin da ya ɗaga lafiya
da hannuna a ciki,
ko da na cikinsa ba su san da ni ba.

Sai dai da la'asar sakaliya,
balbelun da na wuni ina kora
sukan jeru su nufi gabas,
ba tikiti, ba mai tambayarsu me suka ɗauko.
Na san ba nisa za su yi ba,
iyakarsu fadama, ko bayan shanun Manu.
Duk da haka nakan aje gwangwanin
in bi su da kallo har ido ya yi ruwa.

Sannan in lalubo zaren a aljihu,
cikin ɓawon gyaɗa da canjin safe,
in naɗa shi a ɗan yatsa.
Sau uku yake zagayawa.
Har da saura kaɗan, na ƙulli.