Toho Biyu a Kabuga

A lambun dashe na bakin titin Kabuga
na ɗura wa lemona yuriya har ya ƙoshi,
ina gaggawar ya burge mai saye.
Ya kuwa burge. Toho ya fito luɓu-luɓu,
kore shar, cike da ruwa.

Baba Talle na gefena bai ce uffan ba.
Toka yake kwasowa daga murhun mai ƙosai
ya barbaɗa wa nasa a gindi,
da ɗan kashin awaki na bara.
Tohonsa ƙanana, a dunƙule
kamar hannun marowaci.
Na yi masa dariya.

Sai jaura ta sauka, dare uku a jere.
Ranar Talata da asuba na haska tocila:
nawa sun yi baƙi, sun langaɓe.
Na taɓa ɗaya, ya biyo yatsana.

Nasa suna nan.
Ya ɓare guda da farce, ya miƙo mini.
Ɗanko, da ɗan zaƙi can ƙasan harshe.

"Guzurinsa ke nan," in ji shi.
"Kai ganye ka ciyar."

Yanzu da bokiti nake sammako wurin mai ƙosai.
Ta fara cewa tokar ma kuɗi ce.