Cinikin Biri a Sama

Shekara ashirin da bakwai ina shiga rumfar nan ta Ikeja
tun ladanin Agege bai sauke hannu daga kunne ba.
Jirage biyar ne a ciki. Biyu ke tashi.
Sauran ukun mun mayar da su mahauta:
yau mu yanko famfo daga cikin wannan,
gobe mu zare waya daga haƙarƙarin wancan,
har ɗaya ya koma ƙashi da lamba kawai,
tattabaru na ƙwai a kujerar matuƙi.

Iskar teku ba ta da kunya.
Gishirinta na bin noti ɗaya bayan ɗaya yana lasa.
Abin da na goge ran Litinin,
kafin Alhamis ya yi ja kamar haƙorin mai cin goro.

Sai ga labari, wai za a sayo sababbi.
Baƙi suka zo cikin kwat, da littattafai masu sheƙi,
kowane shafi jirgi ne a bisa gajimare,
babu ɗigon mai, babu tsatsa, babu ni.
Wannan ya ce nasa ya fi araha,
wancan ya ce nasa na gani cikin duhu,
na ukun bai ce komai ba,
ya dai san wanda ake fara gaisarwa.
Aka rufe ƙofa.
Sanyin ɗakin ya silalo ta ƙarƙashinta ya taɓa mini takalmi,
rabona da taron ke nan.

Ba a tambaye ni ba. Da an tambaya,
da na ce: ranka ya daɗe, birin nan fa yana sama.
In mai kayan ya yi fushi da mu baɗi,
wa zai sayar mana da taya?
Littafin gyaran, da wane harshe aka rubuta shi?
Yara nawa za a tura koyo, kuma 'ya'yan wa?
In kwantena ta yi wata bakwai a Apapa
tana jiran sa hannun wanda ya tafi hutu,
da me jirgin zai tashi?

Ina tuna Habila Jatau, yaro mai wushirya,
da kan bubbugi gefen jirgi sau biyu kafin ya hau,
ya ce, Baba Tanimu, daga Allah sai kai.
Ranar da injinsa ya yi tari a saman Ikorodu
ya ƙi fita, don akwai kasuwa a ƙarƙashinsa.
Ya ja shi, ya ja shi, har cikin ruwa.
Masunta suka tsamo shi da rai,
amma ƙafar hagu ba ta sake lanƙwasuwa ba.
Bawul ɗin da ya ci amanarsa ni na ɗaura shi.
Daga gawar na uku na ciro shi,
don takardar neman sabo ta shekara biyu a kan tebur
ana ɗora mata kofin shayi.
Bai taɓa ɗaga mini maganar ba.
Duk Kirsimeti ma sai ya aiko da shinkafa,
ni kuwa in kasa haɗiye ta.

Wata uku ya rage in ajiye kaki.
Sifanata mai lamba goma sha huɗu,
wadda tafin hannuna ya cinye wa fenti,
na ba Kofur Morenike, don tana jin ciwon inji da kunne
tun na'ura ba ta faɗa ba.

Na ce mata: za su iso, 'yata.
Za a yanka kyalle, a busa begila, a watsa musu ruwa,
manya su jeru a yi hoto a gindin fiffike.
Ke kada ki ƙirga jiragen.
Ki zaga baya, wajen da babu mai ɗaukar hoto,
ki ƙirga akwatunan da suka biyo su.

Ta yi dariya, ta soke sifanar a aljihu.
Na fita neman danfo. Hadari ya haɗo daga Oshodi,
kuma rufin rumfar, ta kusurwar gabas,
har yanzu yana yoyo.