As Biyu a Punta del Este

Awa huɗu ke nan ina zubar da karta.
Bakwai da biyu, tara da uku,
tarkacen da ko yaro ba zai tsinta ba.
Kwabbaina na roba suna zaizayewa
kamar sabulu a hannun mai wanki,
kuɗin dole yana zagaya teburi
yana gutsurar kowa, bai san sabo ba.

A waje teku na marin dutse.
A ciki ba taga, ba agogo,
sai sanyin na'ura da ƙarar kwabbai
kamar ana tsintar wake a faranti.

Ni Wilmar, shekara talatin da ɗaya
ina fawa a Maldonado.
Na san jira.
Na san inda wuƙa ke shiga ba ta taɓa ƙashi ba.

Sai Yamandu mai rabo ya wurgo mini biyu.
Na ɗaga gefensu da babban yatsa:
as ja,
as baƙi.
Zuciyata ta buga ƙofar ƙirji,
na ce mata zauna, muna da baƙi.

Nan kwaɗayi ya matso kunnena:
yi lamo, tsoho, yi kamar ba ka da komai,
biya kaɗan, bar su su shigo duka,
in sun taru ka rufe ƙofa.

Na san muryar nan. Bara ta yi mini magana
a wannan ɗaki, kusa da wancan ginshiƙi.
Na yi lamo, mutum biyar suka shigo a arha,
wani ɗalibi mai takwas da shida
ya haɗa jeri, ya kwashe ni tas,
har yana ba ni haƙuri.
Ran nan na gane sarkin yawa
ya fi sarkin ƙarfi ko a kan karta.
As biyu zaki ne a gaban mutum ɗaya,
a gaban biyar kuwa
tsohon sa ne da kuraye suka kewaye.

Don haka na ƙirga, na ninka uku, na tura.
Mai son ganin gaba ya biya kuɗin hanya.

Mai jar hula ya zubar.
Tagwayen Rocha suka zubar, ɗaya bayan ɗaya.
Saura Nelida Etcheverry,
malamar lissafi da ta yi ritaya,
wadda tun la'asar ba ta ce uffan ba.
Ta dube ni ta saman tabarau
kamar na zo aji ban yi aikin gida ba,
ta sa tafin hannu biyu bayan tulinta
ta ture shi duka tsakiya.

Ban yi shawara da kowa ba.
Wannan ake jira, ai.

Muka buɗe. Sarauniya biyu gare ta.
Cikin biyar, huɗu nawa ne,
ita ma ta sani, ita ke koyar da shi.

Uku suka sauka: goma, huɗu, bakwai.
Ta huɗu: biyu.
Na fara jin ƙanshin teburin ƙarshe.
Yamandu ya ƙwanƙwasa, ya kifar da ɗaya,
ya juya ta biyar.

Sarauniya.

Ba wanda ya yi ihu.
Nelida ta cire tabarau ta goge,
ta ce, Daidai ka buga, Wilmar.
Na ce, Na sani.
Abin da ya fi ciwo ke nan, kuma shi ne maganin.

Na fita. Asuba ta kusa.
Masunta na jan kwale-kwale zuwa ruwa,
ba wanda teku ya yi wa alkawari.
Na zauna kan benci, takalmi a hannu,
na tambayi kaina: in sun sake zuwa gobe,
ja da baƙi, su biyun nan?

Zan ninka uku in tura.

Motar farko zuwa gida sai shida da kwata.