Kwana Goma a Da Nang

Ranar Talata, ruwa bai ɗauke ba tun asuba.
Na tsayar da babur a ƙofar makarantar Khoa,
sai ga takarda manne da ƙyaure,
tawadarta har ta fara zuba.
Malama Tuyet ta fito da laima, takunkumi a fuska,
ta ce, "Jiya biyu ne, yau uku a ajinsu.
Ƙuraje a tafin hannu, a tafin ƙafa, a cikin baki.
Mun rufe sai bayan kwana goma."

Na ce, "Malama, keken ɗinki na jirana.
A masana'anta ba a san ɗa ba, wuyan riga aka sani,
ɗari huɗu kafin a tashi."
Ta ce, "Na sani." Ba ta ƙara ba.
A bayanta wata na wanke motocin roba a baho,
da 'yan tsana, kawunansu a ƙasa.

Da yamma maƙwabciya Lanh ta leƙo:
"Ku kawo mini su duka, yaran layi,
ɗakina da faɗi, kuɗin ba yawa."
Har na buɗe baki zan amsa,
sai tsohuwata, tana tsinke ganye, ba ta ko ɗago ba,
ta ce, "An rufe can don a raba su,
ku kuma ku tara su nan?
An gudu ke nan ba a tsira ba."
Na yi shiru. Na kira shugabar layinmu,
na ari kwanaki daga albashin da bai zo ba.

Dare na uku jikinsa ya yi rau.
Ya ture kunun shinkafa, miyau na dalala,
na haska bakinsa da waya, na gani.

Na ruga kantin magani a kan kwana,
na ce a ba ni kafso mai ƙarfi, irin na kashe ƙwayoyin cuta.
Mai kantin ya mayar mini da kuɗina a kan gilashi.
"Wannan irin ba ta jin kafso, 'yar'uwa.
Ki sauke zazzaɓin, ki ba shi ruwa kaɗan-kaɗan,
abu mai sanyi, mai laushi.
Kofinsa nasa, cokalinsa nasa.
Sabulu bayan bayan-gida, ke da shi.
Amma in yana firgita cikin barci a kai a kai,
ko amai, ko ƙafa na rawa, ko barcin ya yi nauyi,
ko zafin ya ƙi sauka,
kada ki jira gari ya waye."

Ban jira komai ba, na dai zauna.
Fanka na juyawa, ruwa na dukan kwano,
ni ina ƙirga motsin yatsunsa
kamar yadda nake ƙirga wuyan riga.
Ya motsa sau ɗaya. Na miƙe.
Ashe sauro ne.

Da safe duk da haka na kai shi a duba.
Likita ta ce mu koma gida, mu ci gaba da sa ido.
Kwana na shida ya nemi ayaba.
Kwana na takwas ya zana wa bango kifi,
ban ko tsawata ba.

Da aka buɗe, warin ruwan wanki ya tare mu tun daga ƙofa.
Malama Tuyet na duba tafin kowa, ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai zaɓen mangwaro.
Khoa ya tuɓe takalmi ya ajiye a gurbinsa.
Gurbin kusa da nasa babu komai.
"Na Nhan ne," in ji shi. "Tana asibiti, an ce jibi."
Ya gyara nasa gefe, kada ya ci mata wuri.

Na tada babur. Na makara da minti ashirin.