Igiyar Awo

Zulai ta dawo daga Wad Madani da littafi,
ta zauna kan buhun dawa a ƙofar bukka,
ni kuwa ina cire ƙaya daga tafin hannu.
Ta ce, Baba, saurari labarin mutanen Rum.

Wai manomansu sun tafi yaƙi,
suka ciwo wa birni ƙasa har bakin teku.
Da suka dawo, attajirai sun haɗiye gonakin,
sun zuba bayi da tumaki
inda dā alkama ke kaɗa kai.

Sai wani ya miƙe a majalisa ya ce a auna,
kowa ya tsaya iyakarsa, a raba ragowar.
Na ce, to, an raba?
Ta ce an fara kafa duwatsun iyaka,
sai manya suka karya ƙafafun kujeru
suka sauke masa a ka.
Da dare aka jefa shi kogi.

Na dubi magudanar da ke bayan bukkokinmu.

Kakana ya baro Haɗeja a ƙafa, Makka ya nufa,
guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu,
ya ce bari ya yi kaka ɗaya a Jazira.
Kakar nan ce har yau muke girbe wa wasu.

Mu ma an zo mana da igiyar awo,
farar mota, takarda, hatimi.
Aka ce mai noma zai mallaki abin da yake nomawa.
Na matso, magatakarda ya ce, ina shaida?
Na buɗe masa kantar hannuna,
ya ce ba ta shiga fayil.
Sunan da ya shiga na wani ne a Khartum
wanda bai san kusurwar da ruwa ke kwanciya ba.

Maƙwabcina Babikir ya samu rabo,
ya yanka akuya, muka sha romo.
Kuɗin ruwa, kuɗin taki, bashin iri,
damina biyu ya sayar wa mai tarakta.
Yanzu baro yake turawa a kasuwar Hasahisa.

Zulai ta ce, in ci gaba?
Na ce, duba mini ƙasan shafin:
waɗanda suka tsaya bakin kogi suna kallo,
me suka ci a daren?

Ta juya, ta sake juyawa.
Ba a rubuta ba, Baba.

Na laluɓo shebur da fitila.
Yau layinmu ne na ban ruwa,
audugar mutumin Khartum tana jin ƙishi.