Abin da Ya Rage na Japan

A Suame, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
na tarar an ɗora motar Baba kan kututture huɗu,
cikinta a buɗe,
Masta Opoku ya nutse a ciki har kafaɗa.

Toyota ce, Hayis, ta girme ni da shekara uku.
Ta sauka a Tema da sitiyari a dama,
aka cire, aka dasa shi a hagu tun ba ta sha ruwan garin ba.
A bayanta akwai rubutun da ya gagari duk Asawase.
Baba ya ce ƙila addu'a ce, kada a kankare.
Can wani ɗalibi ya ce sunan shagon wanki da guga ne.
Baba ya ce to, ai tsafta cikon addini ce.

Yakan ce, yana goge gilashi da tsohuwar hula:
masu motar nan, kafin su san taya, zare suka sani.
Injin saƙa kakansu ya ƙera,
wanda in zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya cik
don kada a ɓata zane.
Shi ya sa in mun bi ta Bonwire
take rage gudu da kanta, tana gaida dangi.
Inna ta ce, ramuka ne dai, Salifu.

A Kejetia an san masu Toyota.
Ba su sayarwa, sai dai a ci gadonsu.
Sukan wuce wanda motarsa ta mutu a hanya
da irin sannun da ta fi zagi ciwo.
Ana ce musu marowata, su ce i,
mun ajiye kuɗinmu inda gara ba ta ci.
Baba na sahun gaba.
Ya taɓa ƙin shiga motar sirikinsa ran ɗaurin aure
don bai yarda da tambarinta ba.

Amma ni na riƙe littafin kuɗin gida.
Injin farko ya tafi shekarar da aka yanke wa sidi sifili huɗu.
Ƙofar gefe ta wata Nisan ce da ta kife a hanyar Mampong.
Ƙasan da fasinja ke takawa
Fuseini mai walda ya shimfiɗa, sau biyu,
na biyun bashi.
Kujeru katakon Anloga ne.
Giya, tun ina aji shida, ba ta san Japan ba.

Yanzu idon Baba ya yi hazo.
Yana zaune a zaure, yana gane motoci da tarinsu.
Ni aka aiko in sayar.

Mai saye ya zo daga Techiman,
ya ƙwanƙwasa ƙarfen Fuseini da ɗan yatsa,
ya kasa kunne, ya girgiza kai:
Kai, mutanen Japan! Shekara talatin, ji ƙarfe!
Masta Opoku ya fito yana share hannu da tsumma.
Yatsansa guda guntu ne, fankar motar nan ta ci rabi.
Bai ce uffan ba. Ya ƙara masa sidi ɗari biyar.

Da mutumin ya tafi neman cikon kuɗi,
na ce, Masta, tsakani da Allah, me ya rage nata?
Ya zagaya ta sau ɗaya, a hankali,
kamar mai neman ɗansa a filin Idi.
Ya nuna lambar da aka buga a ƙarfen ƙasa,
ya nuna sunan shagon wankin, rabi ya koɗe.
Sai ya miƙa hannu ta taga ya danna oda.

Ta yi kukan nan nata, siriri, mai ɗan rawa,
wanda ke tashe mu da asuba tun muna kwana huɗu a tabarma.

Na ce a cire mini ita.
Ya ce wannan sai ki biya.
Na biya.
Tana cikin jakata, naɗe da jarida,
ina trotro zuwa Asawase,
ban san da wane batir zan busa wa Baba ba.