Gurbi Na Bakwai

Takardar makaranta ta ce: sana'ar uba.
Layi ɗaya, bai kai tsawon wuƙarsa ba.
Na tauna murfin biro har ya tsage,
sannan na rubuta: ɗan kasuwa.

Ubana Ilu tumbi yake wankewa
a mahautar Oko-Oba, nan Agege.
Kafin ladan ya gyara murya
yana tsaye cikin jan ruwa har idon sawu,
yana juya cikin saniya kamar aljihun riga,
yana karkaɗe ciyawar da ta ci tun Potiskum.
A danfo mutane kan matsa, su kau da hanci.
Ya ce duk Legas shi kaɗai ke zama a yalwace,
kuma da dariya yake faɗa.

Da dare, can Ikeja,
wani mai doguwar farar hula
zai zuba farfesun a faranti, ya ɗora ganye ɗaya,
a kira shi ya fito, a tafa masa.
Kwano guda, wunin Baba uku.
Ba na jin haushinsa, ya iya gishiri.
Amma wa ya raba hanjin da ƙazanta
kafin ya zama abin tafi?

Baba ya ce in karanta masa kafin ya dangwala.
Na karanta suna, na karanta unguwa,
a gurbi na bakwai murya ta maƙale.
Bai ɗago ba, yana cusa man kaɗe a faso.
Ya ce, "Hansatu, me nake sayarwa?"
Aka ɗauke wuta. Na gode wa duhu.
Can ya ce, "Bar shi haka,
kada gogewa ta huda musu takarda."
Da hasken ashana ya dangwala.
Yatsan bai bar zane ba,
ruwa ya daɗe da cinye layukan.
Shuɗin tabo kawai.

Yau ni ma hanji nake bi.
A ɗakin gwaji, Idi-Araba,
abin da cikin mutane ya fitar nake dubawa,
da safar hannu, da farar riga, da fanka a kaina.
Maigadi na ƙamewa idan na shigo.
Ba wanda ya taɓa matsawa a danfo.

Jiya ɗana ya kawo tasa takardar.
Ba su tambayi kaka ba.
Na juya bayanta, inda babu layi,
na rubuta da manyan baƙi:
Ilu, mai wankin tumbi.